Murfin Akwati a Jirgin Ruwa: Dalilin Faɗowarsa da Yadda Ake Tsai da Shi

Kwale-kwalen su da na fito a kogin Wudil buɗaɗɗu ne, ba su da ma'aji a ƙarƙashin daɓe irin na jiragen teku. Duk da haka harkar ruwa ba ta rabuwa da akwati: na ƙugiyoyi da kayan gyara, da na ƙanƙara da ake zuba tarwaɗa da karfasa. Masunci ko mai sarin kifi daga Kausani ko wani gari na ƙasar Wudil, hannunsa ne abin neman abincinsa, kuma murfi mai nauyi yana iya datse yatsa nan take.

Murfin da aka miƙar tsaye cak ya fi kowanne hatsari. A wannan tsayuwa nauyinsa duka yana kan hinji, shi ya sa ake ganin kamar ya zauna daram. A tudu yana iya daɗewa haka. A ruwa kuwa jirgi ba ya daina rangaji, mutum ɗaya ya gyara zama ko iska ta kaɗa, sai tsakiyar nauyin murfin ta gota gaban hinjin. Da zarar ta gota, ƙarfin da ke jan sa ƙasa ƙaruwa yake yi yana sunkuyowa, har ya kai maƙura daidai lokacin da zai haɗu da bakin akwatin, inda yatsu suke.

Magani mafi arha shi ne a bar murfin ya wuce tsaye ya jingina baya kaɗan, kamar digiri 100 zuwa 110, a ɗaura masa gajeriyar igiya daga ciki don kada ya ɓalle hinjin. Wannan ya isa a ruwa mai kwanciya. Idan akwai iska sai an ƙara matokari, kuma a nan ake yawan sakaci: sandar da aka tokara kawai, murfin na ɗan ɗagawa za ta zame. Matokarin kirki ana ɗaure gindinsa da noti, kansa kuma ya shiga rami ko ƙugiya a jikin murfin. Kowane kafinta ko mai walda zai iya yin sa.

A jiragen zamani ana amfani da abin da makanikai ke kira shokazoban but, wanda ke riƙe murfin bayan mota. Kamfanin Stabilus na birnin Koblenz a Jamus ya fara ƙera shi da yawa a 1962. Bututu ne mai sanda da aka matse iskar naitirojin a ciki, tare da ɗan mai. Iskar ke tura sandar waje ta ɗauki nauyin murfin, man kuma ya rage gudu a ƙarshen tafiya, ya jiƙa robar da ke hana iskar fita. Saboda man ne ake ɗaura shi sandar tana kallon ƙasa.

Ana rubuta ƙarfinsa a jikinsa da lamba da harafin N, kuma N 10 kusan nauyin kilo 1 ne. Murfi mai kilo 10 da tsawon santimita 60, tsakiyar nauyinsa na santimita 30 daga hinji. Idan aka ɗaura shokazoban a santimita 15 daga hinji, ana bukatar turi na kilo 20, wato kusan N 200, har fiye idan shokazoban ya karkace. Cire na babbar mota a ɗora wa ƙaramin akwatin katako ganganci ne, domin zai tumɓuke hinji ko ya wullo murfin a fuskar mai buɗewa. Zafi ma yana taɓa shokazoban: ƙarfinsa na sauyawa da kusan kashi 3 cikin 100 a kowane digiri 10, don haka wanda ya riƙe murfi a zafin bazara yana iya sakinsa da sanyin asubar hunturu. Tsatsa da yashi a kan sandar suna cinye robar, iskar ta zurare. Shokazoban da ya mutu ba a huda shi, ba a jefa shi wuta.

Ko wace hanya aka bi, yana da kyau a manna yankan tsohon tub a gefen akwatin. Yana rage ƙarfin bugu, yana hana ruwa shiga, a akwatin ƙanƙara kuma yana tsare sanyi.