Yadda gardama kan radar ɗin jirgin yaƙi a wasan bidiyo ta kai ga fallasa takardun soja

A watan Disambar 2024 ne kamfanin Gaijin ya saka jirgin yaƙi samfurin Eurofighter Typhoon a cikin wasansa na War Thunder. Ba a jima ba gardama ta kaure tsakanin 'yan wasan kan na'urar radar ɗin jirgin mai suna CAPTOR: shin yadda take lalube sararin sama a wasan ya dace da ta gaske? Wani daga cikinsu, don ya kafa hujja, sai ya wallafa takardun soja da aka hana fitarwa. Kamfanin ya goge su cikin gaggawa, ya kuma dakatar da shi.

Mai karatu zai iya cewa abin bai kai ya kawo ba. Sai dai a irin wannan wasa, wanda ya fara ganin abokin gaba shi ke fara harba makami mai linzami, kuma radar ce idon matuƙi.

Radar tana aika igiyar rediyo ne ta saurari amsa-kuwwarta. Idan ta dubi ƙasa, duwatsu da gine-gine ma suna maido da amsa, don haka take tace su ta hanyar auna saurin da abu ke matsowa ko nisanta. A nan dabarar take. Idan jirgin da ake farauta ya juya ya ba radar ɗin gefensa, ya kuma yi ƙasa-ƙasa, saurin matsowarsa sai ya zo daidai da na ƙasar da ke bayansa, na'urar ta watsar da shi tare da tarkacen. 'Yan wasa sun ƙware a wannan juyi, da shi suke tsira daga makamai.

Ka'idar a bayyane take a littattafan kimiyya. Abin da ke ɓoye shi ne lambobin: faɗin wannan makantar a kowace na'ura, da yadda kwamfutar jirgin ke ci gaba da bin sawun abin da ya ɓace mata, da yadda take jure kutsen abokan gaba. Birtaniya da Jamus da Italiya da Sifaniya, waɗanda suka haɗu suka ƙera Typhoon, ba za su miƙa wa kamfanin wasa waɗannan bayanai ba. Masu tsara wasan na cike giɓin ne da kintace.

Gaijin ya sha nanata cewa ba ya aiki da takardun sirri, don haka mai fallasawa ya jefa kansa cikin haɗari a banza. A farkon 2023 ma an yi irin haka da takardun jiragen F-16 da F-15E na Amurka.

Akwai wanda abin ya kai shi gaban kotu. A 2019 an miƙa wa Amurka wani ɗan Rasha, ma'aikacin Eagle Dynamics mai wasan DCS World, bayan an kama shi a Jojiya bisa zargin fitar da littattafan F-16 daga Amurka ba bisa ƙa'ida ba. Kamfanin ya nesanta kansa daga lamarin, shi kuma ya amsa laifinsa.