Ladabin Zama a Keke Napep: Daga Jiddari Polo

Shirinmu na musamman a yau ya leƙa unguwar Jiddari Polo da ke Maiduguri, daura da Barikin Giwa, domin duba yadda mutane ke zama da juna a cikin Keke Napep.

A watan Yulin 2011 ne gwamnatin Borno, zamanin Gwamna Kashim Shettima, ta hana hawa babur a Maiduguri saboda matsalar tsaro. Da acaɓa ya kau, sai Keke ya gaje shi. Shi acaɓa fasinja ɗaya yake ɗauka, daga shi sai mai babur. Keke kuwa mutum uku ne a baya, wani lokaci da na huɗu a gefen direba. Tun daga 2011, ɗan kasuwa mai zuwa Monday Market, da ɗalibar Jami'ar Maiduguri, da dattijuwa mai zuwa dubiya Asibitin Koyarwa, suka koma zama gwiwa da gwiwa kowace safiya, alhali ba su san juna ba.

A nan ake gane tarbiyya. Babarbare ba ya gajarta gaisuwa: sai ya tambayi kwana, da gajiya, da iyali, da zafi. Bahaushe da Shuwa da Babur da Margi duk sun saba da hakan. Idan mace ta tsayar da Keke, namijin da ya san ya kamata yakan sauka ya koma gaba, ya bar mata wuri. Saurayi kan riga dattijo miƙa kuɗi, ya ce, "Baba, bar shi, na biya." Dattijon ya sa masa albarka, su rabu ba tare da sanin sunan juna ba.

Sai dai wayar salula ta kawo nata. Wani ya shigo ba sallama, kansa a sunkuye kan TikTok, sauti a ƙure. Wata ta buɗe lasifika tana sasanta rikicin cikin gida, kowa na ji. Fasinjoji kan yi shiru don kunya, amma abin na damunsu.

Rigimar da ta fi yawa ita ce ta canji. A farkon 2023, lokacin sauya fasalin naira, tsabar kuɗi ta yi wuya, har kuɗin Keke aka koma turawa ta waya. Direba ya tsaya bakin titi yana jiran saƙon banki, sauran fasinjoji na gumi. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun shekarar, kuɗin hawa ya tashi, zukata suka ƙara zafi. Shi ya sa direbobi da dama ke fara tambaya, "Hajiya, da canji?" kafin a hau, don a rabu lafiya.

Mutanen Jiddari Polo sun sha wuya, sun ga hare-hare a 2017 da 2018, sun gudu sun dawo. Wataƙila shi ya sa har yau, idan kuɗin wani ya gaza, ba a rasa mai cika masa.

A mako mai zuwa za mu ji ta bakin direbobin kansu.