Kadawa: Tarihin Gonakin Noman Rani na Kura da Bunkure

Filayen noman rani na Kadawa suna kudu da birnin Kano, sun ratsa ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam. Kafin a kafa su, mai son noma da rani a wannan yanki sai ya nemi bakin fadama ya kafa jigo, ya yini yana ɗebo ruwa don 'yan komaye na albasa da barkono. Sauran ƙasa kuwa tana kwance har damina ta faɗi.

Gwamnatin Audu Bako ce ta ɗauko aikin bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967. An fara gwaji a Kadawa da ruwan ƙaramar madatsar Bagauda, ƙwararru daga ƙasar Holan suka tsara aikin, sannan aka gina babbar madatsar Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974. Shekarun sun zo daidai da farin da ya ƙone ƙasashen Sahel, don haka ba a sha wahalar gamsar da kowa amfanin tare ruwa ba. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannunta. Kashin farko an tsara shi a kan hekta kimanin 22,000, amma an daɗe ana noma ƙasa da haka.

Abu biyu ne suka sa Kadawa ta ɗore. Na farko, ruwan gangarowa yake yi da kansa. Tiga ta fi gonakin tudu, saboda haka ruwa yana bin babbar hanya, ya rabu zuwa ƙanana, har ya isa bakin gona ba tare da inji ba, ba kuma kuɗin mai. Na biyu, ba a mayar da manoma leburori ba. An baje ƙasa, an yanka ta, aka sake mayar wa masu ita, shi ya sa har yau yawancin gonakin ƙanana ne, ana gadonsu, ana bayar da su haya ko jingina.

Alkama aka fi sa wa rai tun farko, domin tana son sanyin hunturu, kuma ta yi kasuwa bayan gwamnatin Babangida ta hana shigo da ita a 1987. Da aka ɗage haramcin, manomi ya bi abin da ke kawo kuɗi: shinkafa, tumatir, masara da albasa. Garin Kura ya cika da injinan casa da mata masu turara shinkafa, Kwanar Gafan kuma ta zama kasuwar da manyan motoci ke lodin kwandunan tumatir zuwa Legas. Tumatir dai amfani ne marar haƙuri. Idan ya nuna lokaci guda, farashi ya faɗi, sai a yanka a shanya a bakin titi. Masana'antar sarrafa tumatir ta Ɗangote ta buɗe a Kadawa a 2016, a shekarar ce kuma tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki da dama.

Babbar damuwar filayen ita ce hanyoyin ruwan kansu. Yashi yana cike su, kachala tana toshe su, wanda gonarsa ke ƙarshen layi yana jiran ruwan da na gaba ya riga ya sha. Inda magudanan fitar da ruwa suka lalace, ƙasa takan jiƙe fiye da kima, ta ƙi komai sai shinkafa. Can ƙasa kuma, masunta da makiyaya da manoman fadamar Haɗeja da Nguru sun ga ambaliyar da suke dogaro da ita ta ragu tun da aka tare kogin. Gyaran da aka yi a ƙarƙashin shirin TRIMING da tallafin Bankin Duniya ya farfaɗo da hanyoyi da yawa, ya kuma ɗora wa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa nauyin tara kuɗi da yashe ƙananan hanyoyin da ke shayar da gonakinsu.