Filin Manoma: Kafin Ka Sayi Keken Alminiyam

Jama'a, kaka ta yi, kuɗi sun shigo hannu, kuma na san da yawa daga cikinku sun ƙudura sayen keke. Yanzu kuwa kasuwanni sun cika da kekunan kwance daga Turai, masu siririyar taya da lanƙwasasshen kai. Galibinsu firam ɗinsu na alminiyam ne, watau irin ƙarfen da ake zuba tukwane da shi. To, ku saurara kafin ku kwance lalita.

Amfaninsa na fari shi ne rashin nauyi. Alminiyam bai fi sulusin nauyin baƙin ƙarfe ba, saboda haka irin wannan keke yakan yi kilo 10 ko ƙasa, alhali kuwa Raleigh irin ta iyayenmu takan kusa ninka haka. Kuma ba ya tsatsa. Ga akawu mai zuwa ofis a kan kwalta, ko mu malaman gona masu yawon rangadi, wannan abin so ne.

Amma fa ba jaki ba ne. An ƙera shi don gudu, ba don kaya ba. A wani ƙauye da nake zagayawa, wani manomi ya ɗaura wa nasa buhun takin zamani mai kilo 50, ya bi hanya mai gargada. Kafin damina ta fita firam ya tsage daga ƙarƙashin sirdi. Ya kai wa mai walda, aka ce ba ya kamuwa da waldar ƙarfe. Gaskiya aka faɗa masa, gama alminiyam waldarsa dabam ce, kuma irin wanda ake rubuta wa 6061 sai an sake gasa shi bayan walda kafin ƙarfinsa ya dawo. Baƙin ƙarfe yakan lanƙwashe ya yi maka kashedi, a miƙe shi a ci gaba. Alminiyam kuwa gajiya yake yi a ɓoye, sai ran nan ya karye.

Saboda haka in za ka saya, ka goge firam ɗin, ka fitar da shi rana, ka duba kowace mahaɗa, tun ba ta wuya da ta wurin feda da ta ƙarƙashin sirdi ba. In ka ga tsaga ko da kamar silin gashi, ko wurin da ya lotsa, ko sabon fenti a wuri guda, ka bar shi kome arharsa.

Sa'an nan a gwada tsawo. Ka tsaya da keken tsakanin ƙafafunka, tafin ƙafa a ƙasa. Ya kamata a sami ratar inci ɗaya ko biyu tsakaninka da sandar sama. In ka hau, feda tana ƙasa, gwiwarka ta ɗan lanƙwashe kaɗan, hannunka ya kai birki ba tare da miƙa ba. Sirdi ana iya ɗaga shi, amma firam da ya yi maka girma ba shi da magani, sai ciwon baya.

Har wa yau, takin zamani da gishiri suna cin alminiyam. In sun zuba a kai, a wanke nan da nan.

Ƙarshen magana, mai kai hatsi kasuwa ya riƙe keken ƙarfensa mai kariya, wanda kowane mai gyara na bakin hanya ya san maganinsa. Mai tafiya da jikinsa kaɗai a kan hanya mai kyau, alminiyam zai yi masa daɗi. Allah ya sa mu ci moriyar guminmu, amin.