Kafin ki jona tsarabar Amurka a soket, duba bayanta

Uwargida, an kawo miki tsarabar na'urar markaɗe ko injin wasan yara daga Amurka, ko kin sayo na hannu a Sabon Garin Zariya? Dakata, kada ɗoki ya sa ki jona nan take.

Wutar da kamfanin Kaduna Electric ke kawowa Ikara, Maƙarfi da Kudan ƙarfinta 230V ne, kamar sauran Najeriya. Ta Amurka kuwa 120V ce, ta Japan 100V. Abin da aka ƙera don 120V, in ya sha tamu, ya sha kusan ninki biyu ke nan. Sai ƙauri da hayaƙi, wani lokacin har gobara a ɗakin da yara ke kwana.

Juya na'urar ki karanta rubutun jikinta. In kin ga 100–240V, kamar yawancin cajar waya, ba matsala. In 110V ko 120V kaɗai aka rubuta, sai da taransifoma mai rage wuta. Adafta ba ta rage komai, bakin filogi kawai take sauyawa.

Duba kuma lambar da ke da W. Na'urar markaɗe mai 500W, nema mata taransifoma mai 1000W, domin inji yakan ja wuta sosai wajen tashi.

Wasu injinan ana iya sauya musu ƙarfin wuta daga ciki. Wannan aikin ƙwararren mai gyaran lantarki ne, ba na maigida ko ɗanki mai karambani ba. Kada kuma a karya ƙafar filogi ta uku, ita ce kariya daga jan wuta.