Agarata ta tsinke, kuma na tafi gida da ƙafata

A wata ranar Asabar da yamma, muna ƙwallon da malaman jami'a kan taru su buga don a motsa jini, na yunƙura zan bi ƙwallo sai na ji kamar an maka mini sanda a bayan ƙafa, da ƙara kamar an fasa leda. Na waiwaya a fusace ina neman wanda ya taɗe ni. Babu kowa a bayana. Bayan 'yan mintoci zafin ya lafa, na miƙe, na ɗingisa zuwa mota. Duk wanda ke wurin ya ce targaɗe ne, ni ma na yarda, domin a tunanina wanda jijiya ta tsinke masa ba zai iya takawa ba.

Wannan shi ne kuskuren farko, kuma shi ya sa nake wannan rubutu. Agara ita ce jijiyar da ta haɗa naman sha-raɓa da ƙashin dunduniya, kuma babu jijiyar da ta kai ta kauri da ƙarfi a jikin mutum. Duk wanda ya taɓa tsayawa a mahauta ya ga yadda ake rataye sa guda da ita. Amma tana da wurin rauni, tsakanin santimita 2 zuwa 6 sama da dunduniya, inda jini bai cika isa ba, kuma nan ta fi tsinkewa. Idan ta tsinke, wasu ƙananan jijiyoyi na ci gaba da motsa ƙafar, sai mutum ya ruɗi kansa. A shekarar 2013 ɗan wasan kwando Kobe Bryant ya jefa ƙwallo biyu bayan tasa ta tsinke, sannan ya fita fili da ƙafarsa. Waɗanda abin ya fi samu kuwa irina ne: maza masu shekara 30 zuwa 50, masu wuni a kujera duk mako, ranar hutu kuma su tuna ƙuruciya.

Kwana biyar na yi ina zuwa wurin mai ɗori. Ba na raina sana'arsa, amma ja da murzar da ke amfani ga targaɗe a nan ɓarna suke yi, domin duk lokacin da aka tanƙwasa ƙafar sama, bakunan jijiyar ƙara nisa suke yi da juna. Da na je asibiti, likita bai ɗauki minti biyu ba. Ya kwantar da ni rub da ciki, ya matsa sha-raɓata. Lafiyayyar ƙafar ta motsa da kanta, ɗayar ko gezau. Ya kama yatsana ya ɗora a wurin, na ji rami. Sannan ya tambaye ni ko na sha ciprofloxacin kwanan nan. Ban sha ba, amma tambayar ta tsaya mini a rai: tun 2008 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta tilasta a rubuta gargaɗi cewa dangin wannan magani na ƙara haɗarin tsinkewar jijiya, mu kuwa a kemis muke sayensa kamar alewa da zarar an ce taifot.

Magani iri biyu ne: ko a ɗinke ta a tiyata, ko a ɗaure ƙafar yatsu na kallon ƙasa har bakunan su haɗe da kansu. Wani bincike da aka yi a Nowe kan majinyata fiye da 500, aka wallafa a 2022, ya nuna cewa bayan shekara guda sakamakon kusan ɗaya ne, sai dai sake tsinkewa ta fi yawa ga waɗanda ba a yi wa tiyata ba. Amma hanyar ɗauri ta fi kyau idan an fara ta a kwanakin farko. Jinkirina ya zaɓa mini wuƙa.

Tiyatar ba ta kai awa biyu ba. Jinyar ce aiki. Mako biyu a siminti, ƙafa a ɗage bisa matashi, ana kiyaye daskarewar jini a jijiya. Daga nan aka sa mini wani babban takalmi mai tudu a dunduniya, ana rage tudun kaɗan-kaɗan har kusan mako na 10. Na koyi salla a kan kujera, na gane cewa bayan-gida na tsuguno da benen sashenmu ba a gina su da gurgu a zuciya ba. Shekara 15 ina hawa wannan bene ban taɓa tambayar yadda ɗalibi mai sanda ke isa ofishina ba.

Ranar da aka cire takalmin na ga sha-raɓata ta tsotse kamar ta yaro. A nan ne zafi ya sake yunƙurin yaudarata. A wata na uku ba na jin komai, zuciya na cewa an warke, alhali jijiyar ba ta yi ƙwari ba, kuma a daidai wannan lokaci ne ake yawan sake tsinka ta, wani lokaci da zamewa kawai a banɗaki. Ma'aikaciyar gashi da ke lura da ni ba ta taɓa tambayata ko da zafi ba kafin ta auna abin da ƙafar ke iyawa. Ma'auninta ɗaya ne: in tsaya da ƙafa ɗaya in ɗaga dunduniya. Sai a wata na shida na iya sau ɗaya, ina dafe da bango, gumi na zuba. Masu zuwa sannu sun daɗe da ɗaukewa a lokacin, kowa na ganin na miƙe, ba wanda ya san ina tashi da asuba ina ƙirga ɗaga dunduniya a bakin dandamali.

Yau wata tara ke nan. Ina iya sau 14 da ƙafar, lafiyayyar kuma 25. Abokaina sun aiko cewa suna neman mai tsaron baya ranar Asabar. Na ce musu su ajiye mini usur.