Yadda tashoshin masu sauraro suka ɓace bayan haɗewar Sirius da XM a Amurka

A ranar 12 ga Nuwamba, 2008, miliyoyin Amurkawa da ke biyan kuɗin rediyon tauraron ɗan'adam suka kunna akwatunansu da safe, suka tarar abin ya canja. Wanda ya saba da tashar Ethel sai ya ji wata wai ita Alt Nation. Mai sauraron Lucy ya wayi gari da Lithium, mai Fred kuma aka ba shi 1st Wave. Wasu ko madadin ba su samu ba. Beyond Jazz ta tafi, haka ma tashoshin tsofaffin waƙoƙin hip-hop da na disko. Da yawa ba su san da zuwan canjin ba sai da suka ji shi da kunnensu. Wata uku da rabi kenan da haɗewar kamfanoni biyu, Sirius da XM, waɗanda su kaɗai ke wannan harka a ƙasar.

Bari mu fara da shi kansa rediyon, tunda ba irin wanda muka saba da shi ba ne. Duk direban da ya taɓa ɗauko kaya daga Apapa zuwa Kano ya san halin FM. Kafin ka yi nisa da Shagamu tashar Legas ta fara shaƙewa, sai ka shiga laluben wata. Shi wannan rediyon daga sama siginarsa ke saukowa, don haka mutum zai iya tuƙi daga New York har California yana jin tasha ɗaya. Ana biyan kuɗin wata kamar na DStv, dala 12.95 a lokacin, kuma yawancin tashoshin kiɗan babu talla. Shi ya sa direbobin manyan motoci na cikin waɗanda suka fi riƙe shi da hannu biyu.

A 1997 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta ba da lasisi biyu kacal, da sharaɗin kada kamfani ɗaya ya riƙe duka biyun. XM ta fara aiki a watan Satumba 2001 daga Washington, Sirius ta biyo a 2002 daga New York. Daga nan suka shiga gasar ƙona kuɗi. Sirius ta ɗauko fitaccen mai gabatar da shirye-shirye Howard Stern a kan dala miliyan 500 na shekara biyar, ta kuma sayi haƙƙin wasannin ƙwallon Amurka na NFL. XM ta kama wasannin baseball, ta ɗauko Oprah Winfrey. Masu sauraro na ƙaruwa, bashi na ƙaruwa, riba kuwa babu wanda ya taɓa ganinta a cikinsu. A Fabrairu 2007 suka ce za su haɗe.

An kwashe wata 17 ana jan magana. Hujjarsu ita ce ba juna kaɗai suke gasa da su ba, akwai FM, akwai iPod, akwai rediyon intanet. Ma'aikatar shari'a ta yarda a Maris 2008, FCC kuma ta amince a ƙarshen Yuli da ƙuri'a uku da biyu. Mel Karmazin na Sirius ya zama shugaban sabon kamfanin, mai masu biya kusan miliyan 18 da rabi.

To, a nan gizo ke saƙar. FCC ta gindaya sharuɗɗa, amma kusan duk a kan kuɗi da na'ura suke. Ba za a ƙara kuɗin wata ba har shekara uku. Za a fito da tsarin zaɓar tashoshi, misali 50 a kan dala 6.99. Za a ware kashi 8 cikin ɗari na tashoshi ga masu shirye-shiryen ilimi da na tsiraru. Babu inda aka ce tashar kaza ba za a taɓa ta ba. Mai sauraro kuwa ba farashi ya fi damunsa ba. Abin da ya sa ya zaɓi XM ya bar Sirius, ko akasin haka, shi ne ɗanɗano.

Kuma lallai ɗanɗanon ya bambanta. An san XM da zurfafa bincike, a tono waƙar da ba ta yi tashe ba, a bar mai gabatarwa ya yi yadda ransa ke so. Ita Sirius ta fi karkata ga waƙoƙin da kowa ya sani, tana maimaita su. Da aka haɗe, shugabancin ya faɗa hannun mutanen Sirius, aka sallami ma'aikata da dama a ofishin XM na Washington tun kafin Nuwamba. Saboda haka ko a tashoshin da aka bar musu sunansu, tsofaffin masu sauraron XM sun riƙa ƙorafin cewa yanzu waƙoƙin sun ragu, maimaici ya yi yawa, surutun masu gabatarwa ya ƙaru. Sunan na nan, amma mai miyar ya canja.

Wani zai ce, ai da an haɗa tashoshin biyu wuri guda kowa ya samu ninki. Haka mutane da yawa suka zata, sai dai na'ura ba ta yarda ba. Akwatin XM ba ya kama siginar Sirius, na Sirius ma ba ya kama na XM, ga kuma miliyoyinsu an riga an dasa a cikin motoci tun daga masana'anta. Kowane ɓangare yana da iyakar abin da zangonsa zai iya ɗauka, kuma ya riga ya cika. Idan za a saka wa mai XM wata tashar Sirius, dole a cire wata. Abin da kamfanin ya yi shi ne ya ɗauki tashoshi biyu masu kama da juna, ya kashe ɗaya, ya riƙa watsa ɗayar ta hanyoyin biyu. Da ma tanadin da aka yi wa masu hannun jari alkawari daga nan zai fito: ɗakin shirye-shirye ɗaya maimakon biyu, albashi ɗaya maimakon biyu. Manyan kaya kuma, irin su Howard Stern ga mai akwatin XM, sai ka ƙara kusan dala huɗu a wata.

A ganina babu wata yaudara a ɓoye a nan, lissafi ne a fili. Abin da ya fi ba mutane haushi shi ne yadda aka yi shi, ba shawara, ba isasshen gargaɗi, har da waɗanda suka biya kuɗin shekara guda ko na har abada tun kafin haɗewar.

Ƙorafin bai tafi a banza gaba ɗaya ba. A Janairu 2009 kamfanin ya dawo da Backspin ta tsofaffin waƙoƙin hip-hop da The Strobe ta disko, ya kuma ce kiran masu sauraro ne ya sa. Sauran ba su dawo ba. A wata ukun farko na 2009 kamfanin ya yi asarar masu biya kusan dubu 400, karo na farko da adadin ya ragu. Ba za a ɗora wannan duka a kan canjin tashoshi ba, domin lokacin tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, cinikin sababbin motoci ya faɗi warwas, kuma ta motoci ake samun yawancin sababbin masu biya. A Fabrairun shekarar saura ƙiris kamfanin ya karye, sai Liberty Media ta John Malone ta ba shi rancen dala miliyan 530, ta karɓi kashi 40 cikin ɗari.

Shi ma alkawarin farashin an cika shi ne a takarda. Kuɗin wata bai motsa ba, amma a 2009 aka fara karɓar kuɗi daban na sauraro ta intanet, wanda da kyauta ne ga masu biya, sannan aka ƙaro wani dala 1.98 da sunan haƙƙin mawaƙa. A Mayu 2011 aka sake jera lambobin tashoshi, mutane suka sake laluben inda tasharsu ta koma. Wa'adin na cika, a Janairu 2012 kuɗin wata ya koma dala 14.49.

Mu ma a Afirka mun ɗan ɗanɗana irin wannan rediyo. WorldSpace, kamfanin Noah Samara ɗan asalin Habasha, ya harba tauraron AfriStar a 1998, kuma yana cikin waɗanda suka zuba jari a XM tun farko. Bai samu isassun masu biya ba, ya nemi kariya daga masu binsa bashi a Oktoba 2008, wata ɗaya kafin wancan canjin tashoshi.

Abin da ya fi kusa da mu yanzu na talabijin ne. A Satumba 2025 kamfanin Canal+ na Faransa ya karɓe ragamar MultiChoice, mai DStv da GOtv. Ba irin haɗewar Sirius da XM ba ce sak, domin Canal+ ya fi ƙarfi a ƙasashe masu amfani da Faransanci, MultiChoice kuma a masu Turanci, ba kasuwa ɗaya suke kokawa a kai ba. Amma shi ma sabon mai gidan ya yi wa masu hannun jarinsa alkawarin rage kashe kuɗi. Ga Bahaushen da ke Agege ko Sabon Ibadan ko Ama Hausa a Owerri, inda shirin Hausa a gidajen rediyo da talabijin na gari bai taka kara ya karya ba, tashoshi irin su Africa Magic Hausa da Arewa24 ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar gasa ta Afirka ta Kudu ce ta amince da cinikin, kuma sharuɗɗanta sun shafi ma'aikata da masu shirya fina-finai na can ƙasar ne. A nan gida, takaddamar da hukumar kare masu saye, FCCPC, ta yi da MultiChoice a farkon 2025 a kan ƙarin kuɗin wata aka yi ta, ba a kan waɗanne tashoshi ke cikin kowane tsari ba.